Rigar Saƙi da Rigar Inji

Bara da kaka aka kira ni wani gida a Damba, nan bakin Gusau, in rubuta kayan gado. Aikina ke nan, ni akawu ne, abin da masu ƙima suka faɗa shi na ke bi da alƙalami. Mamacin tsoho ne, mutumin ƙasar Tsafe, ɗaya daga cikin waɗanda rashin zaman lafiyar shekarun nan ya taso daga ƙauyukansu, suka bar gona da rumbu, suka zo suka raɓe wurin 'ya'yansu a gari. Kayansa ba su da yawa. Buzu ne, da buta, da Alƙur'ani cikin gafaka, da rediyo, da adaka guda. Da aka buɗe adakar sai ga riguna uku. Biyu na shadda ne masu aikin inji, suna ta walƙiya. Ta ukun tana can ƙasa, an naɗe ta cikin wani tsohon zane. Saƙi ce, baƙa, mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, da aiki a ƙirji wanda launinsa ya yi kama da toka.

Masu ƙima suka ɗaga na shaddar, suka juya, suka yi musu kuɗi mai kauri. Da suka zo kan saƙin sai ɗayansu ya ce, "Wa zai sa wannan yanzu?" Suka yi mata kuɗin da bai kai na rediyon ba. Ni kuwa na duƙa na rubuta, "Tsohuwar riga, 1."

A cikin zauren akwai wani dattijo mutumin Bungudu, abokin mamacin, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinkin riguna, har allura ta cinye masa ido. Ya ce a miƙo masa ita. Ya shafa ƙirjin da yatsunsa, ya bi wuyan, sa'an nan ya juya ta ciki ya koma waje, ya ce mini, "Malam, mi ka rubuta?" Na gaya masa. Ya ce, "Ɗana, kai ka iya karatun takarda, amma ba ka iya karatun riga ba. Matso in gwada maka." Na ce, "To, Baba." Abin da na ke so in faɗa muku a nan, rabinsa daga bakin wannan tsoho na same shi, rabi kuwa daga abin da na bi na duba daga baya, don kunyar da na ji ran nan ba ta bar ni na zauna ba.

Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kun tuna yadda takarda ta ke a idonku kafin ku shiga aji. Baƙi ne kawai a kan fari, kamar sawun kaji. Da kuka san sunan ko wane harafi sai takardar ta soma magana. To, haka riga ta ke. Dogayen tsinin nan da ke gangarowa daga wajen wuya zuwa kan aljihu su ne asake, da su a ke kiran aikin duka, a ce aska biyu ko aska takwas. Da'irar nan mai naɗewa kamar gammo, wadda ke zaune a ƙirjin dama, ta kuma sake fitowa a baya, ita ce tambari. Ɗan dogon aikin da ke riƙe da tsagar wuya shi ne linzami. Ga dagi, wanda kuka sani a bangon gidajen Zariya da Kano da jikin jakunkunan dukawa, shi ne kuma Jihar Arewa ta ɗauka ya zama alamarta a zamanin Sardauna. Ga 'yan gidaje masu kusurwa huɗu, waɗanda duk wanda ya yi makarantar allo zai ga sun yi kama da hatimi, ko da zayyanar da a ke yi wa allon mai sauka. Ba abin mamaki ba ne, gama galibin masu zana riguna a da malamai ne da almajirai. Da alƙalamin kara da tawada su ke fitar da zanen a kan tufa, sa'an nan mai allura ya bi. Shi ya sa ba za ka ga surar mutum ko ta dabba a ƙirjin babbar riga ba.

Abu na fari da tsohon ya nuna mini shi ne fili. Aikin rigar nan ya taru ne a hagu, wajen aljihu, ya haura kafaɗa ya leƙa baya. Dama kuwa tambari ne kaɗai, sauran duk saƙi ne tsirara. Da na ce ai kamar ba a gama ba, sai ya yi dariya. In ka tsaya ka duba da kyau, wannan filin da aka bari shi ne ke sa asaken su fito, su yi tsini, ido ya bi su daga sama har ƙasa. Kun tuna malamin aji yana ce muku ku bar fili tsakanin kalma da kalma, in ba haka ba ba mai iya karanta wasiƙarku? Wanda ya zana rigar nan ya san wannan. Ya san kuma mai riga zai tattara hannuwanta ya aza bisa kafaɗa, ƙirji ne zai rage a buɗe, saboda haka can ya zuba ƙarfinsa. Riguna biyun nan na shadda kuwa an cika su tun daga wuya har cibiya, dama da hagu daidai wa daida, babu wurin da ido zai huta. Suna kama da mutumin da ke zuba magana ba ya ko numfasawa. Ka ji shi, amma in ya tashi ba ka iya tuna abin da ya ce.

Na biyu launi. Zaren da aka yi aikin da shi tsamiya ne, watau silikin ƙasarmu, wanda a ke samu daga gidan waɗansu tsutsotsi da ke taruwa a kan itatuwa irin su tsamiya. A dafa gidan da ruwan toka, mata su kaɗa shi da mazari. Ba shi da ƙyalli, launinsa tsakanin fari da ƙasa-ƙasa ne. Amma da yake mai ɗinkin yana sauya wa allurarsa hanya, nan ta kwanta, can ta miƙe, in mai riga ya motsa sai haske ya riƙa kama wani sashi yana sakin wani. Launi ɗaya ne, amma sai ka ga kamar uku. Jan abu guda ɗaya ke jikin rigar, shi ne shafin da aka yi mata da alharini a bakin ƙasa ta ciki, shi ma ba ka ganinsa sai mutum ya ɗaga ƙafa zai hau doki, ko iska ta buɗe. A ganina a nan ne gwanintar ta fi yawa, a ɓoye abu mafi tsada a wurin da sai an dace a gan shi.

Na uku, wanda ban taɓa tunaninsa ba, shi ne aikin nan ba ado ne kaɗai ba. Ina riga ta ke fara yagewa? A wuya, da bakin aljihu. Nan ne kuwa aka tara ɗinki. Rigar da aka haɗa da siraran saƙa masu yawa tana bukatar abin da zai ɗaure ta a inda nauyi ke ja, linzami da cin wuya su ke wannan aiki. 'Yan hudojin nan ƙanana da ke cike tsakanin asake, ko wanne an zagaye bakinsa da zare, suna ƙarfafa tufar, suna kuma barin iska ta shiga. Da tsohon ya juya cikin rigar, sai na ga bayan aikin ya kusa kai gabansa tsabta. Na ɗauko ta shaddar na juya. Wata farar takarda ce manne a bayan aikin, ta sandare kamar kwali, zare kuwa ya yi tsalle daga nan zuwa can. A gefen aikin har shaddar ta soma tsagewa, don allurar inji ta sassare ta a layi guda. Rigar ba ta fi shekara biyar ba, in ji 'ya'yan mamacin. Saƙin kuwa gadonta ya yi wurin ubansa.

Kada ku ce na mai da rigar nan abin da ba shi da aibi. Tana da shi. Tambarin baya ya ɗan karkace, bai zauna tsakiya sosai ba. Kuma hannu biyu ne suka yi aikin, tsohon da yatsa ya gane haka: asake da linzami na gwani ne, ɗinkin a matse, amma wajen kafaɗa an bar wa yaro, ɗinkin ya yi sako-sako, har waɗansu hudojin sun fi waɗansu girma. Ga ta da nauyi. Wanda ya sa ta da bazara a Gusau zai san ya sa riga. Shuninta kuma yana kama jiki da farar taguwa. Duk da haka karkatar tambarin nan ba ta dame ni ba kamar yadda daidaiton na injin ya dame ni, don in ka shiga masallacin Idi ka ga mutum goma da aiki iri ɗaya, ko ɗigo bai bambanta ba, sai ka rasa wanda za ka yaba wa.

Yanzu bari mu koma baya kaɗan, mu ga inda irin wannan riga ta fito. A 1851 wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa babban arzikin birnin tufafi ne da a ke saƙawa a rina a nan, a kai su har Tambutu da Tarabulus. Ya ga kuma rigunan Nupe a kasuwa, ya ga alharini da Larabawa ke kawowa ta hamada. Riga guda, ashe, hannun mutane da yawa ke cikinta: manomin auduga, da matar da ta kaɗa zare, da marini, da masaƙi, da maɗinki, da mai zane, da mai allura, da mabugi. Sarakunan daular Sakkwato da irin waɗannan riguna su ke kyauta, da su a ke naɗi. Ƙasarmu ta Zamfara kuwa ƙasar auduga ce. Da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, sai audugar ta kama hanyar gidan gurza da bakin teku, ta dawo mana a matsayin akoko da alawayyo. A 1965 aka buɗe masaƙar zamani a Gusau, ta ɗauki mutane aiki, ta yi zamaninta, ita ma ta rufe. Yau shaddar da mu ke taƙama da ita daga Ostiriya ta ke zuwa, irin ta Getzner wadda mu ke kira gezna, mai araha kuwa daga Sin, a sauke a Kantin Kwari a Kano, 'yan kasuwarmu su saro. Saboda haka rigar Sallar yawancinmu, in ka cire hannun tela, babu abin ƙasar nan a jikinta.

Wani zai ce, to, laifin inji ne. Ni ban yarda ba. A da talaka bai isa ya sa aska takwas ba, wata da watanni a ke yi ana ɗinkinta, sai sarki da attajiri. Yau ɗan acaɓa ma yana iya shiga rigar aiki ran ɗaurin aurensa, wannan kuwa alheri ne. Samari da yawa a Gusau da keken aiki su ke ci da iyayensu. Kuma kada mu manta da yadda mai allura ya ƙare: dillali ya ci riba, mai riga ya sha kirari, shi ya tashi da ciwon baya da makanta, sunansa ko a bakin rigar babu. Tsohon nan na Bungudu da kansa ya ce bai yarda ɗansa ya gaje shi ba. Inji abin da aka ba shi ya ke yi. Inda ɓarnar ta ke shi ne wajen zane. Wanda ke shirya zanen a kwamfuta yakan kwaikwayi rigar inji, wadda ita ma rigar inji ta kwaikwaya, har aska ta gajarce ta yi ƙiba ta koma kamar ganyen rogo, tambari ya zama furen da ke jikin kwanon sha. Na tambayi teloli huɗu a kasuwa sunan aikin da su ke yi, uku suka nuna mini lamba a jikin waya.

Masu aikin hannu su ma suna da nasu laifi. Sun riƙe abin da suka gada kamar karatu, ba ƙari ba ragi, alhali aska takwas ɗin ma wata rana sabon abu ce da wani ya ƙaga. Da sun yi ta fitar da sabon zane mai sauƙi wanda zai dace da kaftani da 'yar shara, da ba a bar su a baya haka ba. Shaidata ita ce hula. Har gobe mutum yana biyan kuɗi mai yawa don zanna bukar ko kube ta hannu, yana kuwa iya bambanta ta da ta inji tun daga nesa, don masu hula ba su daina ƙago sabon zane ba. A birnin Zariya kuma, da maza suka ja baya, mata suka karɓi ɗinkin manyan riguna a cikin gidajensu. Idon da ya iya zaɓen hula, in an koya masa, zai iya zaɓen riga.

Wa zai koya masa? A zamanin iyayenmu yaro a zaure ya ke ganin riga a hannun maɗinki, ko ran hawan Salla. Yaran yanzu a fim su ke ganin tufafin da, da cikin waya. Tun da aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fina-finan Hausa suka shiga ko wane gida, har abin da jaruma ta ɗaura a fim shi 'yan mata ke kai wa tela. Masu wannan sana'a suna da iko a kan idon jama'a wanda wani maɗinki bai taɓa samu ba. Abin da na ke tuhumarsu da shi shi ne sakaci a finafinan sarauta. Sau nawa mu ke ganin sarkin da aka ce ya yi zamani tun Turawa ba su zo ba, ga shi zaune cikin shadda mai aikin kwamfuta, da rawanin leshi, fadawansa kuwa cikin yadin da aka yanko jiya? An kashe kuɗi a kan doki da algaita, an bar riga. Yaron da ya kalli wannan zai tashi yana zaton haka kakanninsa suka yi shiga, in ya ga saƙi a adakar gidansu ya ce tsumma ne. Ai abin da masu ƙima suka ce ke nan, ni kuma na rubuta.

Akwai wani labari da ya kamata masu fim su riƙe. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, da Hausa, labarin yaron da aka raba da uwarsa a zamanin bauta, aka haura hamada da shi. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Daga baya fim ɗin ya ɓace, aka yi shekaru ba mai ganinsa, har a 2016 aka gano faifansa a ma'ajin hukumar fina-finai ta ƙasa. Sai da aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Shekara 40 kacal ta isa aikin da gwamnati ta kashe wa kuɗi ya kusa salwanta. A wannan shekara ta 1976 ɗin dai, wani Bature, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma daɗe yana bin masu ɗinki yana rubuta sunayen zane, ya shirya nunin kayan sana'ar Hausawa a London. Rigunan da ke gidajen ajiye kayan tarihi na Ingila suna nan cikin sanyi, ko wacce da lambarta. Namu suna cikin adaka, gara da asu suna aikinsu, waɗansu kuma an baro su a ƙauyukan da aka gudu aka bari. Fim in ya ɓace ana iya dacewa da faifansa a wani ɗaki. Sunan ɗinki kuwa yana bakin tsofaffi ne kawai, irin wannan na Bungudu, wanda ya haura saba'in.

Abin da na ke roƙonku ƙarami ne, kuma ku ne kuka fi kowa iya shi, tun da yanzu alƙalami yana hannunku. In akwai tsohuwar riga a gidanku, ko wando mai kamun ƙafa, ko alkyabba, ku fito da ita ta sha iska a inuwa. Ku nemi tsohon da ya san ta, ya faɗa muku sunan tufar, da sunan zaren, da sunan ko wane gida na aikin, da garin da aka ɗinka ta in ya sani. Ku rubuta a takarda ku naɗe tare da ita. In da mai waya a gidan, ya ɗauki hotonta gaba da baya, da ciki. In kuma kun je wurin tela, kada ku tsaya kan lamba, ku tambaye shi sunan aikin, ku ce ya rage nan, ya bar fili can. Tela abin da mai riga ke so ya ke yi.

Rigar saƙin nan dai ta faɗa rabon autan mamacin, wanda shi ma tela ne a Gusau, da keken aiki ya ke sana'a. Ya so ya musanya ta da rediyon, yayyensa suka ƙi. Da ya ga yadda tsohon ke shafa ta, sai ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, a sake faɗa mini sunayen." Tsohon ya sake bi da yatsa tun daga linzami har shafi, yaron yana ɗaukar hoto, ni ina rubutawa a bayan takardata. Ya ce zai gwada fitar da asaken da tsawonsu na asali a kan farar shadda, ya bar dama ba kome sai tambari, ya ga ko za a saya. Kafin magada su sa hannu na soke layin nan, na rubuta, "Rigar saƙi, aska takwas, aikin tsamiya, shafin alharini, 1." Kuɗin da aka yi mata kuwa ban taɓa shi ba, don an riga an gama rabo a kansa.